Tashar mota a idon mace matafiyiya

Na jima ina shiga mota a wata babbar tasha a nan Kano, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci tare da maigidana, kuma ra'ayinmu a kanta bai taɓa zuwa ɗaya ba. Shi yabonta yake yi, domin mota tana cika da wuri, kuɗin mota ba ya wuce ƙima, direbobin kuma sun san hanya. Ban musa masa ko ɗaya ba, sai dai ni wahalata tun daga ƙofar gida take farawa.

Yawancin manyan tashoshin Kano suna bakin gari ne, kamar Unguwa Uku da Na'ibawa a titin Zariya, da Mariri a hanyar Maiduguri, don haka mai son motar farko dole ya yi sammako. Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, A Daidaita Sahu ce abin hawan kowa, duk da cewa a zamanin Malam Ibrahim Shekarau saboda mata aka fara kawo ta. Namiji zai tsaya a bakin titi da duku-duku ya matsa cikin kowace ta zo, amma mace mai goyo da jaka sai ta ɗauki shata, ta biya ninkin abin da ya biya tun ba ta ga tashar ba.

Bakin ƙofar ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa 'yan kamasho sun kewaye ni, wannan yana cewa "Hajiya, ina za ki?", wancan ya riga ya fizge jakar ya yi gaba, ni kuma ina biye da shi ina gyara mayafi da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da yaro. Banɗakin mata yana can lungu, ba fitila, ƙofar ba ta kulluwa, wurin alwala kuma a fili yake, shi ya sa mata da yawa suke ƙin shan ruwa har a isa.

Abin da na yaba shi ne masu lodi suna ƙoƙarin haɗa mata a layin kujera ɗaya, kuma suna girmama tsofaffi. Ina roƙon shugabannin tashar su keɓe wa mata rumfar jira kusa da inda ake lodi, su sa wa banɗakin fitila da sakata, su kuma hana taɓa kayan fasinja sai da izininsa.