Kafin ka sayi babban nadin fim ka dinga cika gwangwani da kanka, duba nan

Salamu alaikum 'yan uwa masu son hoton fim. Tunda na ce ina cika gwangwanin fim ɗina, wato ɗan ƙoƙon da ake naɗe fim a ciki a sa a kyamara, a gida nan Garwa ta Kamaru mutane suke ta tambaya wane inji za su saya, to ni dai injin ba shi ne farkon magana ba, ƙura da zafi su ne farkon magana, su za su faɗa maka abin da za ka saya.

Babban nadin fim na 35mm yana zuwa ƙafa 100 ne, wato mita 30.5, kuma kana samun gwangwani kamar 18 masu hoto 36 a ciki. Sauƙin kuɗin gaskiya ne amma ka tambayi kanka, za ka cinye 18 ɗin nan kafin zafin Maris da Afrilu ya dafa maka shi? Nan fa zafi yana haura 40, fim kuma in ya sha zafi sai ya yi hazo-hazo. In ba ka da firigo, ko kuwa gwangwani biyu kake ɗauka a shekara, wallahi ka haƙura ka sayi na ɗai-ɗai. In kana da firigo ka sa shi a leda ka ɗaure, in ka fito da shi kar ka buɗe nan take, bari sanyin ya sake shi na wasu awowi don kar raɓa ta kwanta masa.

Fim ɗin kansa, baƙi da fari ya fi dacewa, Fomapan na ƙasar Cek da Kentmere su ne masu sauƙi, Ilford HP5 Plus ya fi su tsada amma yana yafe kuskuren haske sosai. Akwai masu tallar Kodak Vision3 na silima mai kala, ku yi hattara, mai baƙin shafen nan a baya wankinsa daban ne, ECN-2 ake ce masa, in ka kai wa mai injin wankin fim mai kala na yau da kullum, wato C-41, za ka ɓata masa ruwan magani.

To injin cikawa. Iri biyu ne za ka fi gani. Lloyd ƙarami ne, fim yana fita ta tsakanin wani ƙyalle mai laushi da ke tare haske, ba ya ɓarnar fim da yawa, amma ƙyallen nan shi ne matsalarmu. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko ina, ƙwayar rairayi ɗaya in ta maƙale a ƙyallen sai ta ja layi tun daga hoton farko har na ƙarshe. Ya faru da ni, hotunan hawan dawaki na Sallah da na ɗauka a ƙofar fadar Lamido, na wanke na ɗaga nagatif ɗin wajen taga sai ga siririn layi kamar an ja da allura ya ratsa fuskar kowane doki, gwangwani uku duk haka, raina ya ɓaci sosai don ba hoton da za ka koma ka sake ba ne. Watson kuwa ba ƙyalle, ƙofa ce kake buɗewa fim ya wuce bai goga komai ba, yana da abin ƙirga hotuna, illarsa yana ƙona ɗan fim a kowane gwangwani fiye da Lloyd kuma dole ka tuna rufe ƙofar kafin ka buɗe murfi. Ni Watson na zaɓa, gara in rasa hoto ɗaya da in rasa duka.

Akwai kuma hanya ta uku, baƙar jakar nan mai hannu biyu da ake sa hannu a ciki, ba inji sam. Ka auna gaba guda, kusan mita 1.6 ke nan, ka yanke ka naɗe da hannu. Ta fi arha nesa ba kusa ba, sai dai gumi, hannu yana jiƙewa a cikin jakar cikin minti kaɗan kuma yatsa mai gumi yana barin tambari a fim. In za ka yi, yi da asuba.

Gwangwani kuma, na roba mai murfin murɗawa yana da sauƙin samu amma murfin yana kwancewa a aljihu, ka manna masa sikoci, wato salatif. Ni na fi son tsoffin na ƙarfe da ake samu wajen masu wankin hoto, waɗanda aka bar ɗan wutsiyar fim a waje, sai ka haɗa sabon da wutsiyar da sikoci gaba da baya. Suma bakinsu ƙyalle ne, don haka sau uku ko huɗu nake amfani da ɗaya in jefar, kuma kafin kowace cikawa ina zura sikoci a bakin in ciro ƙura. Ka duba lambar DX da ke jikinsa, wato alamar da ke faɗa wa kyamara yawan hasken da fim ɗin ke buƙata, ƙananan kyamarori masu karanta ta da kansu za su ɗauka fim ɗin tsohon ne, in ka sa fim mai lambar haske 400 a gwangwanin mai 200 sun yi maka kuskuren haske. Na roba ba su da lambar, da yawa cikin kyamarorin sai su ɗauke shi a 100.

Wanda zai sa a kawo masa daga Faransa ko ta Najeriya, ya roƙi mai kawowa ya riƙe fim ɗin a jakar hannu, injin duba manyan akwatuna a filin jirgi yana ƙona shi.