Kallon agwagin teku a Utqiagvik: tsada kam akwai, amma jagorar ta ci kuɗinta

Wanda duk yake Alaska ko yake shirin zuwa kuma yana da sha'awar tsuntsaye, ga yanda tafiyarmu ta kasance da wani ƙaramin kamfanin jagora a garin Utqiagvik, wanda da ake ce ma Barrow kafin su maida sunan asali a 2016. Shi ne gari na ƙarshe a arewacin Amurka, babu hanyar mota da ta kai can sai jirgi daga Anchorage, kuma a watan Yuni muka je lokacin rana ba ta faɗuwa kwata-kwata, tun wajen 10 ga Mayu take tsaye har farkon Agusta. Maganar sallah kuwa sai da na tambayi malami tun kafin in tashi, da agogo na dinga yi dan in ka biye ma rana ba za ka ga magariba ba.

Bari in fara da abun da ya ɓata min rai. Motar tasu ta yi ƙanƙanta, an cusa mu ciki ga jakunkuna ga ƙafafun madubin hangen nesa suna sukar mutum a haƙarƙari, gilashi duk taɓo sai ka sauke shi kafin ka ga waje iska kuma ta yanke maka fuska. Sannan a saƙon da suka turo ba su ce a zo da takalmin roba mai tsawo ba, alhali wajen duk fadama ce, ƙasar a daskare take daga ƙasa so ruwan ƙanƙarar da ya narke ba ya nutsewa, nan yake kwanciya. Abincin rana ma sanwic ne mai sanyi, sai da na tambaya har na gaji kafin aka tabbatar min babu naman alade a ciki. Ga kuɗin da muka biya wlh ya kamata a ce sun fi haka.

To amma matar da ta yi mana jagora, 'yar ƙabilar Inupiyat ce haifaffiyar garin, mu dai Mama muke ce mata dan ta haife mu, ita ce ta sa ban yi kukan kuɗina ba. Agwagi iri biyu ne kowa ke zuwa nema, mai tabarau da ta Steller. Namijin mai tabarau kansa kore-kore ne, idonsa kewaye da farin da'ira mai baƙin layi, muka same shi a wani ɗan tafki gefen hanyar da ta nufi rijiyoyin gas yana iyo shi da matarsa, ita kuwa ruwan ƙasa ce zane-zane, da ta shiga ciyawa ko da madubi ban ƙara ganinta ba. Wani bature a cikinmu mai ƙatuwar kamara ya sa ƙafa zai sauka daga titi ya matsa kusa, Mama ta ce masa ko taku ɗaya, in ya sauka yawon ya ƙare kowa ya koma otel. Ya yi ta ƙunƙuni wai ya biya kuɗi, ko kallonsa ba ta yi ba.

Daga baya ta mana bayanin dalili. In ka tada macen daga kan ƙwai, hankaka da yanyawa suna kallo, kafin ta dawo sun gama da shi. Kuma abun da ban taɓa tunani ba, wai ba sai an gina gida a kan sheƙar ba kafin gini ya cutar da su. Wajen babu bishiya ko ɗaya, so da can hankaka ba shi da inda zai yi sheƙa, da aka kafa turaku da hasumiyoyi da dogayen gine-gine sai ya samu masauki, bola kuma ta ciyar da shi ta ciyar da yanyawa suka yi yawa. Wayoyin lantarki ma agwagin na karo da su in hazo ya sauko. Ga harsashin dalma da ya zube a tafkuna suna haɗiya tare da abinci, duk da an hana farautar agwagi da shi a Amurka tun 1991.

Mai tabarau an saka ta a jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 1993, bayan yawanta a yankin kogunan Yukon da Kuskokwim ya faɗi da sama da kashi 90 cikin ɗari, ta Steller mai hayayyafa a Alaska kuma a 1997. Abun mamaki har 1995 ba wanda ya san inda mai tabarau take cin hunturu, sai da aka maƙala masu na'ura aka bi su aka tarar da su dunƙule a ramukan ruwa tsakiyar ƙanƙarar tekun Bering kudu da tsibirin St. Lawrence.

Na tambaye ta aikin man fetur na Willow da gwamnatin Biden ta amince ma kamfanin mai na ConocoPhillips a Maris 2023, can gabas a cikin filin ajiyar mai na ƙasa, eka wajen miliyan 23. Na zaci za ta zage su tas, sai ba ta yi ba. Ta ce harajin mai ne ya gina masu makarantu da asibiti, gas ɗin hanyar da muke kai ma shi ke ɗumama gidajensu, ita abun da take so a dinga duba inda ake zuba tsakuwar titi, a binne waya inda zai yiwu, a rufe bola, kuma a dakata da hayaniya lokacin kwanci. Ni gaskiya ina ganin ta yi ma kamfanonin sassauci da yawa, titi in aka shimfiɗa shi ba ya tsayawa shi kaɗai wani ne ke biyo baya, amma ita ke zaune a can ba ni ba.

Ta Steller ba mu gan ta da kyau ba, daga nesa ne kawai, kuma kamfanin sun faɗa tun farko ba su da garanti, wannan na yaba masu. Ba kowace shekara take yin sheƙa ba, ta fi yi a shekarar da ƙananan ɓerayen wajen suka yi yawa dan masu cin ƙwan sun samu abun da ya ɗauke masu hankali.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan motar da sanwic suka cinye shi. In za ka je ka yi bukin da wuri dan ɗakunan otel kaɗan ne a garin, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da takardar izinin shiga filayen 'yan garin, ka zo da takalmin roba da safar hannu da ɗan kilishinka in kana da shi, shagon garin tsadarsa sai ka riƙe baki.