Nephro-Vite: Abin da Ƙwayar Take Yi wa Mai Ciwon Ƙoda da Abin da Ba Ta Yi

Nephro-Vite ƙwaya ce da aka haɗa domin masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda, tun da na'urar wankin ba ta tantance dauɗa da bitamin masu narkewa a ruwa, duka take kwashewa daga jini. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dangin bitamin B guda 8, ciki har da B6 miligiram 10, folik asid maikirogiram 800 da B12 maikirogiram 6, sai bitamin C miligiram 60. Ba a sa mata bitamin A ba, kuma an yi daidai, domin taruwa yake yi a jikin wanda ƙodarsa ta raunana.

Hujjar shan ta tana da ƙarfi. Ƙoda tana cin iskar oksijin da yawa, kuma a cikin wannan aiki ne ake samun ɓurɓushin sinadarai masu cinye ƙwayoyin halittarta sannu a hankali, kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Jiki yana kare kansa da sinadarin gulutatayon, wanda sabunta shi yake buƙatar B2 da B3. Idan kuwa B6, B12 da folik asid suka yi ƙaranci, sinadarin homosistin yakan hauhawa a jini, ya ƙara wa wannan ɓarna ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni a ƙwayar shi ne rashin zuzuta adadinta, ko da yake masu neman “mai ƙarfi” za su raina ta. A binciken DIVINe da aka wallafa a mujallar likitanci ta JAMA a 2010, an bai wa masu ciwon suga da ya taɓa ƙoda a Kanada folik asid miligiram 2.5, B6 miligiram 25 da B12 miligiram 1 kullum, adadin da ya ninka na cikin Nephro-Vite. Homosistin ya sauka, amma aikin ƙodarsu ya fi saurin lalacewa, matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki kuma suka ƙaru. Saboda haka cike giɓi ne aikin Nephro-Vite, ba warkar da ƙoda ba.

Tana da nata rauni. B12 ɗin cikinta bai isa ga wanda hanjinsa ba ya tsotsar bitamin ɗin ba, kamar wasu da suka daɗe suna shan maganin ciwon suga na metformin, kuma folik asid yana iya ɓoye ƙarancin jinin da zai tona matsalar, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. Fitsari yakan koma ruwan ɗorawa shar, amma wannan aikin B2 ne, ba abin tsoro ba. Wanda likita ya rubuta masa ita ya sha bayan an gama wanki, ba kafin a fara ba, kuma kada ya haɗa ta da wani bitamin C, domin yawansa yana komawa oksalet, sinadarin da yake haifar da tsakuwa, ya taru a ƙoda.