Zotero da Manazartar Kundi: Abin da Na Gani a Bakin Aiki

Sana'ata ita ce gyara tsarin kundayen ɗaliban digiri na biyu da na uku kafin a kai su ɗauri, kuma babu ɓangaren da ke cinye mini lokaci kamar Manazarta, wato jerin littattafai da maƙalun da aka dogara da su a ƙarshen kundi. Ɗalibi zai rubuta babi biyar lafiya lau, mai duba aikinsa ya yaba, sannan shafuka goman ƙarshe su dawo jajur da jan biro. Manhajar da na tsaya a kanta domin wannan aiki ita ce Zotero, ita nake sa wa duk wanda ya zo hannuna a kwamfutarsa. Ina yaba ta ƙwarai, amma mai cewa da ka sauke ta shi ke nan ka huta, bai yi aiki da ita ba.

Kyauta ce, wannan shi ne na farko. Wata cibiyar nazarin tarihi a Jami'ar George Mason da ke Amurka ce ta fitar da ita a 2006, yanzu kuma wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke kula da ita. Cikin manhajoji makamantanta, EndNote sai ka biya kuɗi, Mendeley kuwa tun 2013 take hannun kamfanin Elsevier. Zotero tana ba ka megabayit 300 na ajiya a intanet ba ko kwabo, kuma abin da ya fi mini daɗi, tana aiki ko babu data, domin littattafanka suna zaune ne a cikin kwamfutarka. Zotero 7 da ta fito a 2024 ta fi ta baya tsafta da sauri.

Yadda take aiki shi ne ka zuba mata bayanin littafi ko maƙala, gurbin suna daban, na shekara daban, na take daban, ita kuma ta jera su bisa wani ɗan fayil mai ɗauke da ƙa'idojin salon da ka zaɓa. Ana kiran irin waɗannan fayiloli CSL, akwai dubbansu a rumbunta. To a nan ne mafi yawan ƙorafin ɗalibai ke tasowa. Zotero ba ta san gaskiyar littafin ba, abin da ka zuba mata kawai ta sani. In mujallar da ka jawo bayani daga shafinta ta rubuta sunan marubuci a gurbin take, haka za ta fitar maka.

Abu mafi sauƙin gyara shi ne rikicin bugu. Bugu na 7 na tsarin APA, ɗaya daga cikin salon rubuta madogara, ya fito a ƙarshen 2019, ya sauya abubuwa da dama. A na 6, in marubuta uku zuwa biyar ne sai ka jero su duka a ambaton farko. A na 7 daga uku zuwa sama, sunan na farko ne kawai da et al., wato "da wasu", tun daga farko. Na 7 ya kuma cire garin da aka buga littafi. Sai ka ga malami ya saba da na 6 yana tambayar ina Zariya ko Ibadan a gaban sunan maɗaba'a, ɗalibi kuwa ya zaɓi na 7. Wannan ba ya wuce minti guda: a tambayi sashe wane bugu suke so, a shiga Document Preferences a cikin Word a canza, duk kundin ya juya.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne manyan baƙaƙe. APA tana son taken maƙala da ƙananan baƙaƙe, ban da harafin farko da sunayen yanka, Chicago kuma, wadda ita ma salo ce, tana son kowace muhimmiyar kalma da babban baƙi. Zotero ta iya mayar da ƙanana manya, amma ba ta iya akasin haka da kanta, domin ba za ta gane cewa Kano ko Sakkwato sunan gari ba ne. Don haka a ajiye kowane take da ƙananan baƙaƙe tun a cikin rumbun littattafanka na Zotero. Ka danna gefen dama na linzami a kan taken, ka zaɓi Sentence case, sannan ka bi da hannu ka mayar wa sunayen gari da na mutane babban baƙinsu. Taken da ke da Hausa kuwa akwai dabara guda da ɗalibai kaɗan ne suka sani: a gurbin harshe ka rubuta ha. Da zarar ta ga ba Ingilishi ba ne, ba za ta ƙara taɓa baƙaƙen taken ba. In ba ka yi haka ba, kana sauyawa zuwa Chicago za ka ga "da" da "na" duk sun miƙe da babban baƙi, abin ba kyan gani.

Sai maganar sunaye, wadda ta fi shafar mu. Masananmu da yawa sunan garinsu ne sunan ƙarshensu, Gusau, Bichi, Funtuwa, ga kuma masu Muhammad da Abubakar da ba sa ƙirguwa. Ƙa'idar APA ce idan marubuta biyu sun yi tarayya a sunan ƙarshe a sa harafin farko na sunansu a cikin rubutu domin bambantawa, kuma Zotero tana bin wannan sau da ƙafa. Matsalar ita ce mutum ɗaya ka shigar da shi iri biyu, a littafi ɗaya da cikakken suna, a wani da haruffa kawai. Sai ta ɗauka mutum biyu ne, ta yi ta liƙa haruffa a gaban sunan. Wata ɗaliba ta zo mini ranta a ɓace, ta kwana tana goge su ɗaya bayan ɗaya, da safe ta danna Refresh, maɓallin sabunta madogara, suka dawo gaba ɗaya. Muka buɗe rumbunta, muka daidaita sunan malamin ya zama iri ɗaya a ko'ina, haruffan suka ɓace nan take. Sunaye irin na Shehu Usman ɗan Fodiyo kuwa, da sunayen hukumomi da ma'aikatu, a mayar da gurbin suna ya zama guda ɗaya maimakon biyu, in ba haka ba za ta datsa sunan ta juya shi yadda ba wanda ke faɗa. Idan kuma ka ga littafi ya fito sau biyu a Manazarta, kada ka goge ɗaya daga rumbu, ka haɗe su da Merge, domin hakan ne ke kiyaye alaƙarsu da kundin.

Labarin ɗalibar nan shi ne babban abin da nake nanata wa kowa, kada a yi gyara a cikin Word. Idan ka taɓa madogara da hannu, Zotero za ta tambaye ka ko ta bar gyaranka. Ka ce e, to ta daina sabunta wannan wurin ke nan, ko ka canza salo shi yana nan yadda yake. Lambar shafi, da kalma kamar "duba" a gaban suna, da cire sunan marubuci idan ka riga ka ambace shi a jimla, duk akwai gurbinsu a cikin akwatin saka madogara. Tazarar layi da shigar layi na biyu ciki kuwa, a salon sakin layi na Word mai suna Bibliography ake gyara su, sau ɗaya.

Inda ta gaza mini shi ne harshe. A jerin harsunan madogara akwai Larabci, akwai Faransanci, babu Hausa. Ɗalibin da ya rubuta kundinsa da Hausa tsantsa zai ga and da et al. da n.d. a tsakiyar rubutunsa. Ana iya gyarawa: ka buɗe Style Editor, ka kwafi salon APA, ka sa "da" da "da wasu" a madadinsu. Sai dai dole ka sauya wa salon suna da lambar shaidarsa, in ba haka ba ranar da aka sabunta na asali gyaranka ya tafi. Wannan aiki ya fi ƙarfin ɗalibin da bai taɓa ganin irin rubutun cikin fayil ɗin ba, kuma ina ganin sassan Hausa na jami'o'inmu ya kamata su haɗu su yi salo guda mai kyau su raba wa kowa. Baƙaƙe masu ƙugiya dai ba su da matsala a wurinta, ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai muddin nau'in rubutun da ka zaɓa a Word yana da su.

Haka ma hirarraki. APA ba ta sa hirar da ba a adana a wani wuri ba cikin Manazarta, sassan tarihi da na Hausa kuwa suna son jerin waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da gari da ranar hira. Wannan jeri da hannu nake yin sa, a shafi daban. Takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko na Arewa House suna da gurbin ma'ajiya da na lambar fayil, amma kowane salo da yadda yake fitar da su, sai ka duba da idonka. Tsohon littafin da aka sake bugawa kuma, ka rubuta original-date da shekarar bugun farko a gurbin Extra, shekarun biyu za su fito.

Ranar miƙa kundi, ka yi kwafi biyu. A ɗaya ka danna Unlink Citations, wanda ke mayar da madogara rubutu zalla, shi za ka kai shagon bugawa. Wannan ba ya komawa baya, saboda haka ɗayan ka adana shi da alaƙarsa, domin bayan kare kundi masu jarrabawa ba sa rasa gyaran da za su ba ka.