Google ko iCloud? Amsa ga Hajiyarmu mai waya biyu

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin ce an ɗauke miki Infinix a kasuwa a Gusau, hotunan atamfofin da kike tallatawa da lambobin masu sayenki suka tafi tare da ita. Yanzu ƙaninki ya ba ki iPhone, kin kuma sayi ƙaramar Tecno, kina tambayar inda ya fi a riƙa ajiya, Google ko iCloud.

Tun yau ki shigar da tsohon Gmail ɗinki a Tecno ɗin. In dai a asusun Google aka adana lambobin, ba a kan sim ba, za ki ga sun dawo da kansu.

Google da iCloud, su biyun rumbu ne da ke cikin kwamfutocin kamfani. Kin ɗauki hoto, waya ta tura shi can idan akwai data, duk wayar da kika buɗe da asusun nan sai ta nuna miki shi. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Google na ba da giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Da can hotunan da Google ya ɗan rage wa nauyi ba sa shiga lissafi, sai daga 1 ga Yuni 2021 suka fara shiga, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma tana cin wurin. iCloud giga 5 kawai yake bayarwa. Ga mai ɗaukar bidiyon kaya kullum, wannan ba zai daɗe ba zai cika, sai ki fara biyan kuɗin wata-wata don giga 50.

Abin da ya yanke hukunci a wurina shi ne wayoyinki biyu. iCloud ɗan gidan Apple ne. A kan iPhone yana aiki lami lafiya, amma ba shi da manhajar Android, sai dai ki buɗe shafinsa a intanet, abin da ba zai yiwu ba kina tsakiyar ciniki. Google Photos kuwa yana hawa iPhone, yana hawa Tecno. Hoton leshin da kika ɗauka da wannan za ki same shi a waccan. Don haka hotuna da lambobi ki ba Google, ki bar iCloud ya riƙe saitin iPhone ɗin.

WhatsApp ne kaɗai ba ya jin wannan shiri. Na iPhone a iCloud yake ajiya, na Android a Google Drive, kuma ajiyar ɗaya ba ta buɗuwa a ɗayan. Ki tsayar da layin kasuwancinki a waya guda.

Ga inda nake so ki natsu, domin nan mutane suka fi yin asara, kuma a nan Google da iCloud halinsu ɗaya. Abin da ke waya da abin da ke rumbu tare suke tafiya. Kika goge hoto a cikin manhajar don waya ta cika, ya gogu a rumbun, ya gogu a ɗaya wayar. A iPhone yana zama kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya. Idan wuri kike nema, Google Photos na da maɓallin da ke cire hotunan da suka riga suka hau daga kan waya kaɗai, iCloud kuma na da saitin da ke barin ƙananan kwafi a waya, manyan su zauna can. Su za ki taɓa. Yara masu wasa da waya ma a kula da su.

Mu 'yan Zamfara kuma ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar. Wanda kayansa ke rumbun intanet kaɗai, ko hoto ɗaya bai iya buɗewa ba. Shi ya sa nake cewa littafin bashi da hotunan kayan da suka fi tafiya, ki bar kwafinsu a memori ko a kwamfuta. Ki kuma saita turawar hotuna ta tsaya sai akwai Wi-Fi in ba ki son datarki ta ƙare ba ki sani ba, sai dai ki riƙa dubawa ko sun hau, don abin da bai hau ba yana tafiya da wayar ranar da aka ɗauke ta.

Sai maganar mabuɗi. Da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba. Ki canza ta da hannunki, ki rubuta a takarda ki adana a gida. Layin da aka sace ki je ki dawo da shi da wuri, domin ta nan lambar tabbatarwa ke shigowa. Idan kin shiga tsohon asusun, ki duba jerin wayoyin da ke kansa, ki fitar da Infinix ɗin.