Sauya adireshin fayil a sikirift: sed ko wslpath?

Wani ɗan'uwa a rukunin nan ya ce yana da ɗan sikirift a WSL (Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows) da ke karɓar fayil ya miƙa wa notepad.exe, yana tambaya ko ya sauya adireshin da sed (umarnin gyara rubutu), ko ya yi amfani da wslpath (umarnin WSL na sauya adireshi). To ɗan'uwa, ga yadda nake ganin su biyun.

Tushen matsalar shi ne fayil ɗaya yana da suna daban-daban gwargwadon inda kake tsaye. Abin da Windows ke kira C:\Users, WSL na kiransa /mnt/c/Users, Cygwin kuma /cygdrive/c/Users, Git Bash ya taƙaita shi zuwa /c/Users (waɗannan biyun manhajoji ne masu kawo umarnonin Linux cikin Windows).

Da sed, abin da yawanci ake rubutawa kenan:

`sed 's|^/mnt/\(.\)|\1:|; s|/|\\|g'`

Wato ya cire /mnt/, ya sa digo biyu bayan harafin diski, ya juya duk / ya koma \. Zai yi maka aiki muddin fayil ɗin yana kan C: ko D:. Amma sed haruffa kawai yake gani, bai san inda aka ɗaura kowane diski ba. Ka ba shi /home/ni/takarda.txt, sai ya fitar da \home\ni\takarda.txt, Windows ta je nema ta rasa, don fayil ɗin yana cikin Linux ne. Haka kuma idan wani ya canza wurin ɗaura diski a /etc/wsl.conf ya mai da shi / maimakon /mnt/, layinka ya tashi aiki a kwamfutarsa, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Shiru zai ba da adireshin bogi, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi.

Shi kuwa wslpath, wanda ya zo da Windows 10 sigar 1803 a 2018, tsarin da kansa yake tambaya:

`notepad.exe "$(wslpath -w "$1")"`

Fayil ɗin /home zai fito da \\wsl.localhost\ a gaba (ko \\wsl$\ a tsofaffin siga), sai sunan Linux ɗinka, Windows ta buɗe shi lafiya lau. Da -u kake komawa tsarin Linux, -a kuma ya cike maka adireshin tun daga tushe. Akwai -m da mutane ke mantawa da shi, yana ba da C:/Users. Yawancin manhajojin Windows suna karɓar haka, kuma ka huta da rigimar \ da bash ke haɗiyewa. Alamomin zance (") da ke layin notepad.exe na sama kada ka taɓa su, ko wace hanya ka bi, in ba haka ba folda irin Program Files za ta rabe gida biyu.

Inda sed ya fi shi guda ne: yana nan a kowace Linux. wslpath sai cikin WSL. Idan jerin adireshi ne a rubuce kake gyarawa a wata sabar da ba ta san Windows ba, sed ɗin ne abokinka.

Idan sikirift ɗin zai bi ta Cygwin ko ɗan'uwansa MSYS2, takwaran wslpath shi ne cygpath, da -w da -u da -m iri ɗaya, har da -p mai sauya jeri irin na PATH, inda Windows ke raba su da `;`, Linux kuma da `:`. Ka duba wanda ke akwai da `command -v wslpath` kafin ka kira.

Amma a Git Bash ka yi hattara, don yana sauya adireshi da kansa ba tare da an sa shi ba. Duk abin da ya fara da / zai ɗauka fayil ne, har /c ɗin da ake ba cmd, mai karɓar umarni na Windows. Maganinsa ka rubuta //c, ko ka sa MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaban umarnin.

A naka aikin, tunda WSL ne da notepad.exe, ɗauki wslpath -w.