HATTARA: mai kyamara "Landan yus" da ke bin masu neman shawara ta inbos

Salam jama'a, musamman abokan sana'a masu ɗaukar hoton biki da ƙannenmu masu son fara harkar bidiyo a TikTok da YouTube, dan Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa wani ko kwabo da sunan sayen kyamara.

Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane don lambar waya da asusun banki suna canzawa amma salon maganar ɗaya ne, da yake fakon masu tambaya. Kai dai ka rubuta a guruf ko ƙarƙashin wani fostin cewa "wacce ta fi, in sayi ƙaramar kyamara ta aljihu ko in daure in sayi ful-firem marar madubi (wato babbar kyamarar zamani da ake canza wa lens, wadda ba madubi a cikinta)", ba za a jima ba zaka ganshi a inbos. Kuma ba da talla yake farawa ba, nan wayon nasa yake. Sallama zai yi cikin ladabi, Malam kaza ko Hajiya kaza, Allah ya sa albarka a sana'a, yace shi ma tsohon mai hoto ne yanzu ya koma shigo da kaya daga Ingila da Japan, shagonsa na Legas. Zai baka shawara mai ma'ana wallahi, don ya san kyamara ko kuma ya haddace abin da masu sani ke faɗa. Sai ya tambayeka aikin me zaka yi da ita, sannan nawa ne a hannunka. Wannan tambayar ta biyu ita yake nema tun farko. Duk adadin da ka faɗa toh akwai kyamarar da ta yi daidai da shi, bature ne ya ɗan taɓa ta, kuma wai guda ɗaya ta rage wani ma yana kan hanya da kuɗi.

Abin da yake cin riba da shi shine yawancin masu wannan tambayar basu san ainihin bambancin ba, suna dai jin ana cewa ful-firem ful-firem. Bambancin a sensa yake, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar. Na ful-firem milimita 36 ne da 24. Na APS-C, wanda masu hoto ke ce wa kurof, wajen 23.5 da 15.6 a Sony. Na ƙananan kyamarori masu tsada irin Sony RX100 da Canon G7 X kuwa 13.2 ne da 8.8, shi ake kira inci ɗaya duk da bai kai inci ba. Kaman taga ce, babba ta fi shigo da haske ɗaki, shi ya sa a holin dina da fitilunsa shuɗi da ja ful-firem ke fitar da fuskar amarya tas, ƙarama kuma ta fara kawo tsaki-tsaki. Yawan megafiksel, wato adadin ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ba shi ne girman sensa ba, ku riƙe wannan sosai don a nan yake yanka mutane.

Yaron da ke riƙe min fitila a wajen aiki ya daɗe yana tara kuɗi don ya tsaya da ƙafarsa, burinsa Sony A7 III. Mutumin ya rubuta masa "Sony Alpha, marar madubi, megafiksel 24, ful-firem" ya haɗo da hotunan A7 III masu kyau, a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Kaya sun iso tasha kuwa, ya buɗe kwali yana murna, abin da ke ciki a6000 ce ta 2014. Ita ma Sony Alpha ce, ita ma marar madubi ce, ita ma megafiksel 24, bakin lens ɗinsu ma ɗaya ne, amma kurof ce. Da ya kira sai mutumin yace ai kuskuren yaran shago ne, ya turo kuɗin mota a canza masa, Allah ya taimake shi ya zo ya nuna min kafin ya ƙara turawa. Washegari lambar ta daina shiga.

Kar wani ya ce na kushe a6000, kyamara ce mai kyau kuma mutane da yawa da ita suka fara cin abinci. Zaluncin shine a sayar maka da ita a sunan wata, a kuɗin da ya ninka darajarta. A7 III ta fito a 2018 a kan dala 1,999 jiki kawai ba lens, har yau kuma masu biki na rububinta, ba wanda zai ɗauko ta daga Landan ya biya jirgi da kwastam sannan ya baka a rabin kuɗi don ya ga kana da hankali.

Gane su ba wuya in ka san inda zaka duba. Ka juya ƙasan kyamarar, akwai takarda mai lambar samfuri, A7 III an rubuta ILCE-7M3, a6000 kuma ILCE-6000. A7 III tana da tozo a tsakiyar kanta inda ake leƙawa, a6000 kanta a shafe yake wajen leƙen na gefen hagu. Amma kar ka dogara da tozo kaɗai sabida A7C ta 2020 ful-firem ce kuma kanta a shafe yake, lambar ƙasan ita ce alƙali. A7 III wajen memori biyu gareta, batirinta babba NP-FZ100, in ka ga ƙaramin batir NP-FW50 a wadda aka ce maka A7 III ce toh ko a6000 ce ko tsohuwar A7 ta 2013 ko A7 II. A Canon kuma EOS R da RP da R8 da R6 da R5 su ne ful-firem, R50 da R10 da R7 da R100 da M50 duk kurof ne komai daɗin bakin mai sayarwa. A Nikon Z5 da Z6 da Z7 ful-firem, Z50 da Z30 da Zfc kurof.

Akwai ma wata cutar da ta fi wannan ɓuya, a baka jikin ful-firem na gaske amma a maƙala masa lens na kurof a ce kyauta ne. Misali a ɗora 16-50 na a6000 a kan A7 III, zai shiga kuma zai ɗauki hoto, amma kyamarar da kanta zata yanke gefen sensa ta koma wajen megafiksel 10, ka biya kuɗin babba kana aiki da ƙasa da rabinta. Lens ɗin Sony na ful-firem zaka ga FE a jikinsa, wanda A7 III ke zuwa da shi FE 28-70 ne. In ka ga RF-S a Canon ko DX a Nikon na kurof ne.

Su kuma masu son ƙarama ta aljihu, yawanci mata masu sana'ar onlayin da masu bidiyon girki da kwalliya, wata hanyar yake bi da su. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da turaren wuta da nake ɗaukar wa hoton kaya, ita Canon G7 X take so don ta ga 'yan TikTok na yayinta. Mark III ɗin ta fito a 2019 a kan dala 749, kuma tun da yayin ya tashi ta yi wuyar samu har a Amurka da Turai, ta hannu ma wani lokacin ta fi sabuwa tsada. Haka Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 a kan dala 1,599, mutane layi suka yi ta bi suna jira. Toh kayan da masu dala a hannu ke nema basu samu ba, shi ne wani zai ce yana da katan guda a Legas yana rangwame? Ita dai mai atamfar ba a turo mata komai ba ma. Da farko kafin alƙalami don a ajiye mata, sai cikon kuɗi don wai ba sa saka kaya a mota sai an gama biya, sai kuɗin webil, ya turo mata bidiyon ana naɗe kwali da salatif da hoton rasit. Can sai wani ya kira yace shi ne direba, wai kwastam sun tare su a hanya sun sauke kayan lantarki sai an biya kafin a saki, yana magana ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ta tura. Da aka sake kira ana neman wani kuɗin ta ce a dawo mata da nata ta fasa, nan take aka buloke ta, shafin ma ya canza suna ya koma sayar da wayoyi.

Wasu kuma yakan turo musu kaya don a rufe baki, irin kyamarorin roba marasa sunan kamfani da ake rubuta 4K da 48MP ko 64MP a kwalinsu da manyan baƙaƙe. Sensan cikinsu ɗan mitsitsi ne irin na tsohuwar waya, manhaja ce ke kumbura hoton ya kai adadin da aka rubuta, wayar da ke hannunki yanzu Hajiya ta fi su fitar da hoto nesa ba kusa ba. G7 X ta gaske megafiksel 20 ce kawai, kin ga kenan lambar kwali ba ita ce magana ba.

Abubuwan da na lura suna maimaituwa a wajensa: sunan asusun da zai turo daban da sunan shafin, yace na yaronsa ne ko na matarsa. Bidiyo kol baya ɗauka, kullum ko netwok ko yana wajen kiliya a tashar jirgi. Hotunan kayan kuma in ka lura teburin da bangon suna canzawa daga hoto zuwa hoto don daga shafukan mutane daban-daban ya kwaso su. Sharhin yabo da ke ƙarƙashin fostin ɗinsa duk asusu ne sababbi marasa hoto. In kana son ka ƙure shi cikin sauƙi, kace ya rubuta kwanan watan yau da wata kalma da kai ka zaɓa a takarda, ya ajiye kusa da kyamarar, ya kunna ta a bidiyo kol ya juya ƙasanta ka karanta lambar samfuri da siriyal. Mai kayan gaske minti biyu ya gama. Shi kuwa sai ya fara fushi, wai kana zarginsa yana ɗan uwanka musulmi, rantsuwa kala-kala, daga nan ka san inda aka dosa.

Ko da kayan gaske ne a hannun mutum, kyamarar hannu sai an gwada. Kace a ɗauki sabon hoto a turo maka a matsayin dokumen, ba a matsayin hoto ba don WhatsApp na goge bayanan da ke cikin hoton in an tura shi haka kawai. A Sony da Nikon adadin bugun shota, wato yawan hotunan da aka taɓa ɗauka da ita, yana cikin waɗannan bayanan, akwai shafukan intanet na kyauta da zaka ɗora hoton su karanto maka, Canon kuma galibi sai an jona ta da kwamfuta. Amma wadda aka yi ta aikin bidiyo da ita bugunta zai nuna kaɗan alhali ta sha wuya, sai ka duba ramukan HDMI da USB da na makirfo ko sun yi sako-sako. Ka tsuke ƙofar hasken lens zuwa lambar f/16 a saitin kyamarar ka ɗauki farin bango ko sama, duk tabo ko ƙarzuwar da ke kan sensa zata fito. Ka haska tocilan ta cikin lens, in ka ga wani abu kaman yanar gizo-gizo fumfuna ce, barshi. Sannan tunda yana yawan cewa daga Japan, ku sani Sony da aka yi don kasuwar cikin Japan menu ɗinta Japananci ne zalla babu Turanci, in ba a faɗa maka ba kafin ciniki an cuce ka.

Ni ra'ayina a kan ainihin tambayar, in biki da taron dare zaka yi ful-firem ta cancanci kuɗinta, amma ka lissafa da lens don shi ne zai cinye aljihunka daga baya, ga batir na biyu da memori da fitila. In kuɗin bai kai ba ka sayi kurof da saninka a kuɗin kurof, ko ka dinga haya ranar aiki har ka tara. In kuwa hoton kaya ne da gajeren bidiyo na shafin sana'a, waya mai kyau da fitila ɗaya sun isa a fara, ba dole sai G7 X ba. Kuma duk wadda zaka saya ka je da ƙafarka ko ka tura wanda ya san kyamara ya riƙe ta a hannu, in Legas ne akwai 'yan uwanmu birjik a can da za su leƙa maka shago a Ikeja ko Alaba, in mai kayan ya ƙi faɗin lambar shago toh magana ta ƙare.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya tsaya rarrashi a inbos, ya kira bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafin damfara da lambar tiransifa, don da zarar kuɗin sun shiga ake kwashe su zuwa wani asusun. Ya ɗauki sikirinshot na hirar gaba ɗaya da lambobin waya da sunan asusun kafin a goge, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC mafi kusa, ya kuma kai rahoton shafin. Sannan a kula, bayan ka yi kuka a fili wasu za su shigo inbos suce su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara, ka biya kaɗan su fara aiki. Baiwar Allahn nan mai atamfa sun zo mata kwana kaɗan bayan abin, kuma sun san adadin da ta tura ba tare da ta faɗa musu ba.